Ranar da Tela Ta Fita Daga Zaure

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, tun da kika bar mini riƙon zaurenmu na waya, na mata masu ba da jini, kaina ya kulle. 'Yan matan da suka shigo bana sun ce sunan da kika sa, Matan Bakin Asibiti, ya tsufa, wai kamar na masu talla. Ni kuma da karambanina na buɗe wa kowa damar sauya sunan da hannunta, don mu ga wanda zai fi zama.

Ranar Talata kaɗai sau goma sha ɗaya aka sauya. Na shiga wanka muna Taurarin Agaji, na fito mun koma wani abu da Turanci, har da fure a gefe. Aka yi ƙuri'a, sunaye biyu suka yi kunnen doki, gardama ta dawo sabuwa fil. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina sake gaishe ki, ya jiki? 

Jiya da hantsi nas ɗin ɗakin haihuwa ta turo saƙo zauren cewa wata mai jego tana zubar da jini, kuma irin jinin nan ne mai wuyar samu, wanda 'yar'uwarmu tela kaɗai ke da shi a cikinmu. Saƙon ya nutse a gardamar suna, sai bayan awa biyu na gani. Na duba zauren, babu tela. Ashe tun Talata ta fita, da ta ga baƙon suna ta ɗauka wani ne ya jefa ta cikin masu sayar da kayan kwalliya. Na kira, ƙarar keken ɗinki ta hana ta ji.

Da ƙafa na ruga shagonta. Ina gaya mata, ta bar yadi a ƙarƙashin allura ta biyo ni. 

Tela ta ba da jinin, matar ta farfaɗo, alhamdulillahi, amma likita ya ce saura ƙiris. Mijin ya tare ni a baranda yana hawaye, yana tambayar sunan ƙungiyarmu don ya sa mu a addu'a. Yaya, na buɗe baki, wallahi ban san me ake kiranmu ba a lokacin. Na ce ya yi wa tela kawai.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Auta