Ku Buɗe Kwalba ta Biyu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gwajin 'Yan Wasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni mai wankin hula ne a Madabo, cikin birnin Kano, mahaifin Nasiru, ɗan tseren da kuka dakatar. Na yi ta aike ofishinku shiru kake ji, shi ya sa na fito bainar jama'a.

Na ɗaya. Yaron nan ya koyi gudu a lokacin da gudu kansa laifi ne a garin nan. A shekarun bama-bamai, in saurayi ya ruga a titi, mai bindiga ba ya tsayawa tambayar sunansa. Sai ya bar titin Ƙofar Na'isa ya koma lunguna, ana idar da asuba ya zagaya Dukawuya ya dawo. Ina zaure ina jera huluna, tun daga nesa nake gane takunsa. A haka ya je ya ciyo gasa.

Na biyu. Bayan gasar aka karɓi fitsarinsa, aka raba kwalba biyu, aka liƙe a gabansa. Kuka auna ta farko, na'urarku ta ga wani sinadari da ko sunansa bakina ba ya iya kamawa. Ba na ja da ilminku, an ce na'urar tana gano ɗigo guda a cikin randa. Amma ku kuka ce mai ƙorafi yana da haƙƙin a buɗe ta biyun a kan idonsa. Kiranku ya zo ana dokar hana fita, ko burodi ba a samu. Da aka sassauta ya kama hanya, shingen sojoji ya cinye masa yini, ya iso aka ce wa'adi ya wuce. Haba, ranka ya daɗe! Fiffike gare shi?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ku da Turanci kuka rubuta hukunci, a rediyo kuwa da Hausa aka karanta, wai an kama shi da ƙwaya. Ka san abin da ƙwaya take nufi a Kano. Ba mai tambayar ta ƙara kuzari ce ko ta maye. Yaron da ko goro ba ya ci ya wayi gari ɗan ƙwaya. A masallaci, wanda yake kusa da shi a sahu ya riƙa dafe aljihu. Ya haɗa kayansa ya tafi Agadas yana dako, ya rantse ba zai sake taka Kano ba sai an wanke shi. A wancan zamani kuwa, in saurayi ya ɓace daga unguwa, ka san abin da ake raɗawa, wai ya bi masu tayar da bama-bamai.

Wallahi ina kewar ɗana. Mahaifiyarsa ta rasu, a waya ya yi kukansa. Har yau bayan asuba ina kasa kunne. In wani ya wuce a guje sai in leƙa waje, alhali na san ba takunsa ba ne.

An tabbatar mini kuna ajiye kwalaben nan cikin ƙanƙara shekara da shekaru. Don haka ina roƙo a buɗe ta biyun, zan zo in tsaya a madadinsa. In ta ce ya sha, na karɓa, kuma zan ce masa ya dawo duk da haka, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kuwa ta wanke shi, ku faɗa da Hausa, a rediyo, a lokacin da 'yan unguwarmu suke saurare.

Allah ya taya ka riƙon amana, ya tsare maka zuriya, kada ya nuna maka ranar da za ka riƙa jiran ɗanka a bakin ƙofa.

Kwalbar tana cikin sanyi, ba abin da ya dame ta, za ta iya jira. Ni kuwa idona ya fara tafiya. Kunnen ne ya rage mini, ku taimaka in ji takunsa a lungun nan tun yana ji.

Wassalam.

Mahaifin Nasiru,
Madabo, Kano.