Ranar da Rawanin Abba Ya Faɗi

Timiya, ranar Asabar, sha ɗaya ga wata.

Zuwa ga yayana Ewange, a Tamanrasat.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gaishita da yara, Ya sa albarka a garejinka, Ya tsare hannuwanka daga ƙarfe da wuta. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma bin awaki, mun hana ta ta ƙi. 'Yata Tekna ta zubar da haƙoran gaba biyu, tana ta yi wa kowa dariya da giɓi. Damina ta yi kyau har ta wuce kyau, ƙorama ta cika sau uku, ta cinye katangar lambun Kawu Illa, ta kuma yanke babbar hanya a wuri biyu. Iyakar abin da za ka karanta wa Gaishita ke nan. Sauran naka ne kai kaɗai, shi ya sa ban hau tudun da waya ke kamawa na kira ka ba, ka san rabin gari a can suke yini, kowa ya kasa kunne a kan maganar wani.

Yaya, mijina ya tafi. Yau kwana ashirin da uku. Efad dai, abokinka tun kuna kiwon raƙuma, ga shi na rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, kunya ta ishe ni haka, ita ta kawo mu inda muke. Ba faɗa muka yi ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. In na ɗauki tabarma zan saƙa sai in tarar ina warware aikin jiya. Duk motar da ta taso daga ƙorama sai na fita na leƙa, har na haddace kukan injin kowa a garin nan. Bari in faɗa maka tun daga farko, don direbobi za su kawo maka labarin a karkace.

Da hanya ta yanke, albasa da rumman suka taru a lambuna suna shirin ruɓewa. Ka san halin abokinka da neman hanya inda babu hanya, in ya ga sawun akuya a jikin dutse sai ya tsaya yana auna ko motarsa za ta bi. To sai Abba ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa mini, ni na faɗa masa, cewa akwai tsohuwar hanyar ayari ta bayan dutse da suka bi da raƙuma yana saurayi, tana ɓullewa can ƙasa da inda ruwa ya yanke. Duk waɗanda suka san ta sun rasu, saura Abba. Ka ga dole ke nan suruki da suruki su shiga mota ɗaya, mutanen da shekara tara ba su taɓa haɗa ido ba, balle ɗaya ya kurɓi ruwa a gaban ɗaya. Aka ce in zauna a tsakiyarsu in zama bakinsu. Bazo maƙeri ya ɗare baya, wai shi ba aiki ya zo yi ba, ya zo ne ya ga yadda kurame biyu za su yi tafiya da tafinta.

Da sassafe Efad ya jera kayansa a ƙasa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya: babban jak, shebur biyu, farantan ƙarfen nan masu huji da ake shimfiɗa wa taya, safaya biyu, igiyar lailon mai faɗi, famfon iska, da bargon nan mai nauyi da yake jefawa a kan wayar ƙarfe ta jan mota, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Injin ja da ka ɗaura masa a gaban motar bara ya shafa masa mai. Wayar ce dai ya daɗe yana cewa ta tsufa zai canza ta. Da Abba ya zo shiga, kujerar ta yage ƙarfe a waje, sai Efad ya ninke bargon ya shimfiɗa masa ya zauna a kai.

Tafiyar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ya rage wa tayoyi iska, ya sa ƙaramin giya, ƙafa huɗun duka suna ja, motar tana hawa a hankali tana gurnani. Abba yana kallon taga sai ya ce a bi dama da baƙin dutsen can, ni kuma in juya in maimaita wa Efad abin da ya riga ya ji da kunnensa. Shi kuma ya ce in tambaya ko akwai wurin juyawa a sama, in juya in tambaya. Bazo yana dukan rufin mota yana ihu wai a ƙara wa tafinta albashi, wuyanta zai karye. Rabon da in ga Abba cikin nishaɗi haka har na manta. Ya nuna mini inda raƙuminsu ya taɓa durƙushewa da kayan gishiri, da wani kogo da suka fake wa ruwa kwana biyu suna cin dabino da cuku.

Wajen azahar muka iso wata kwana inda hanya ta matse, bango a dama, rami a hagu. Gefen ya zabtare, tayar baya ta hagu ta zame ta rataye a iska, cikin motar ya zauna daram a kan dutse. Muka fita ta ƙofar dama da salati, Abba ya fito da bargon a kafaɗarsa. Efad ya kafa jak, ni da Bazo muka yi ta jidar duwatsu muna cusawa ƙarƙashin tayar, aka shimfiɗa farantan ƙarfe, aka danne sauran tayoyin da manyan duwatsu don kada motar ta koma baya. Sannan ya ja wayar ya hau sama ya kewaya wani ƙaton dutse da ita ya maƙala ƙugiya. Da ya sauko sai na ga yana waige-waige, na san bargon yake nema. Ya hango shi a kafaɗar Abba, ya dube ni, ni kuma na kau da kai. Wa zai je ya cire wa dattijo abin da aka ba shi don girmamawa? Haka aka bar wayar tsirara.

Ga laifina, Yaya, kuma ban faɗa wa kowa ba sai kai. Abba ya je ya tsaya dab da wayar, hannu a baya, yana duba aiki kamar lokacin da yake sa ido a kan ɗaurin kayan ayari. Efad ya matso kusa da ni ya ce in gaya masa ya bar wurin nan yanzu-yanzu, wayar nan in ta tsinke raba mutum biyu take yi. Haka ya faɗa, kunnena ya ji. Amma ni shekara tara ina tace maganarsu kafin in miƙa, har bakina ya saba. Sai na je na ce wa Abba ko zai koma inuwa ya huta, rana ta yi zafi. Ya ce shi ba tsohuwa ba ne, ranar da ya sha a hamadar Tenere ko rabinta wannan ba ta kai ba. Ya ɗan ja baya taku biyu don ya sallame ni. Efad ya ga ya matsa, ya ɗauka saƙo ya isa, ya tayar da injin. Yana juya kai wajen tayar, Abba ya koma inda yake.

Wayar ta miƙe ta yi tsam, motar ta fara motsi, sai muka ji ƙas, ƙas, silin wayar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Efad ya ɗago. Bai neme ni ba. Ya buɗe murya ya kira Abba da sunansa, sunan yanka, wanda ko ni ba zan rubuta maka ba, ya ce masa kauce, kamar yana yi wa yaro tsawa, ya yi tsalle ya rungume shi suka zube tare. Wayar ta tsinke ta wuce ta kansu da shewa, ta tsaga gilashin gaba, bakinta ya yanki Efad a kafaɗa. Motar ta koma ta zauna a kan duwatsun da muka jera. Da ƙura ta lafa sai ga Abba kwance, rawaninsa ya warware yana gangarawa rami, kansa a buɗe, bakinsa a buɗe, furfura da giɓi duk a waje. Efad a kansa, shi ma amawalinsa ya sauka har wuya. Suka kalli juna fuska da fuska. Ni 'yarsa, rabona da ganin bakin Abba tun ina ƙarama. Na cire mayafina na jefa masa.

Da jak da duwatsu da igiyar lailon muka fitar da motar, sai bayan la'asar. Hanyar kuwa ta ɓulle daidai inda Abba ya ce, yanzu haka motoci uku sun bi ta da albasa. Efad ya kawo mu gida, ya bari na ɗaure masa kafaɗa, ya ce mini shi ba zai iya sake tsayawa a garin da Abba yake ba, ya kira sunansa, ya yi masa tsawa, ya kayar da shi, ya tone masa fuska a gaban maƙeri. Na ce ransa ka ceta, kai wane irin mutum ne? Ya ce ya sani, kuma ko gobe haka zai yi, amma sanin bai rage komai ba. Gari na wayewa ya tayar da mota.

Tun daga ranar gari ya rabu biyu, wasu na cewa jarumi ne, wasu na cewa ai da ya ja rigarsa kawai ba sai ya kira suna ba. Su Gwaggo Azahra har sun fara zuwa suna ce mini namijin da ya tafi babu sallama ya riga ya yi magana, in bari a kwance tantina a mayar kusa da na Inna. Na ce duk wadda ta taɓa mini turke ɗaya za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Amma tsoro nake ji, Yaya. Direban da zai kawo maka takardar nan ya ce ya gan shi a Arlit, gilashin har yanzu a tsage, ya shiga jerin motocin masu kai wa 'yan haƙar zinariya kaya can arewa, kuma kafin su nausa za su biyo ta wajenku a gyara motoci ƙarshen watan nan. Ka san masu shiga can, wani shekara biyu, wani shiru ke nan. Ba shi da inda zai kai motarsa sai garejinka. In ya wuce ka, aurena ya wuce.

Da na fara tunanin rubuto maka ban san abin da zan ce ka faɗa masa ba, don na san kansa, dutse ne. Sai jiya, bayan an sauko daga Juma'a, maza suna zaune a ƙofar masallaci, Abba ya ɗaga murya ya tambaya wai ina baban Tekna ya shiga ne, ya bar albasar mutane a ƙasa? Bazo ya buɗe baki zai ce ashe bai tuna ba, Abba ya katse shi. Ya ce shi dai tun da suka wuce baƙin dutse bai san komai ba sai farkawa ya yi ya gan shi a kan tabarmarsa, an ce kansa ne ya bugu. Bai ji komai ba, bai ga komai ba, kuma duk wanda ya zo masa da wani labari to maƙaryaci yake so ya mayar da shi. Aka ce sai Bazo ya ce ai shi ma yana bayan mota, taya kawai ya gani. Kawu Illa ya zo ya ba mu labari yana share ido da gefen rawani.

Kan Abba bai bugu ba, Yaya. Ni na duba shi da hannuna, ko ƙwarzane babu. Washegarin abin ya zayyana wa Inna komai tiryan-tiryan ina jin su, har ya tambaye ta ko yankan kafaɗar yaron nan mai zurfi ne.

Ka gaishe mini da Gaishita, ka ce cukun da ke cikin ƙullin da na aiko nata ne, kada ka cinye. Ka gaishe da Amumun da Lalla da ƙaramin da ban gani ba tukuna, da Gwaggo Tinna in kana zuwa wajenta. Inna tana gaishe ku, Tekna ta ce a sayo mata takalmi ja. Idan Efad ya shigo garejinka, ka karɓi makullin motar ka sa a aljihu kafin ka ba shi shayi. Ka ce masa Abba bai tuna komai ba, yana ma tambayar inda ya shiga. Zai dube ka ya ce gaskiya ne? Ka ce masa i, kada ka yi murmushi, kada ka sunkuyar da kai. Shekarar Abba saba'in da huɗu ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, jiya ya yi ta farko a ƙofar masallaci saboda mijina. Don Allah kada ka bari ta tafi a banza.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Tanalher.