Nauyin da Cyril Ya Lissafa

Grande Prairie, Alberta
9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Philomena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya uwargidana Bernadette? Ki sa ido a kan cin abincinta, domin tun rasuwar ɗanmu Cyril ba ta kula da kanta.

Ni lafiya lau, in ban da ƙarancin barci. Na karɓi a-kori-kurar Cyril da ɗakin kwanan da ake ɗora mata. Nauyinsa ya durƙusar da bayanta, saboda haka na kai ta wurin makaniken da suka shirya da Cyril zai ƙara mata sifirin, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyi.

Mutumin yana tauna taba yana tofarwa a kofi, ya miƙo mini lissafin nauyin da Cyril ya bar masa: ruwa, gas, abinci, nauyin shi Cyril ɗin, sannan "Baba, laba 190." Alhali na gaya wa Cyril tafiyar Alaskan nan da ya shirya shirme ce, ba da ni ba.

Makaniken ya ce, "Dattijo, tunda mutum ɗaya ya ragu, ai sifirin ɗaya ma ya isa. Ka huta!" Har da dariya.

Shekara talatin ina koyar da lissafi, ban taɓa ƙyamar ɗebewa ba sai ranar. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya saka komai yadda aka rubuta.

Kada Bernadette ta ji wannan. Ki dai ce mata zan makara, sai na kai motar Alaska tukuna.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Ambrose