Jan Fentin Ƙofarmu

Mamana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ƙannenki lafiya lau. Kakarki ƙafar ce dai. Babanku ne ba ya jin daɗi, zazzaɓi da tari tun shekaranjiya.

Wayarki kullum a kashe, an ce ba a shiga da ita ɗakin gwajinku, shi ya sa na ba direba wannan. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koye shi.

Kin ji abin da aka watsa a tashar mota, hodar nan mai ƙwayar cuta da rediyo ya ce da gangan aka zuba. Ranar babanku yana kan teburinsa yana yanka tikiti. Ma'aikatan lafiya sun zo gida sun ba shi ƙwayoyi na mako guda, suka ce za su riƙa kawo sauran. Ƙwayoyin sun ƙare tuni, kuma ma'aikatan ba su dawo ba. Ina jin motarsu tana wucewa ta layinmu. Ko akwai na kemis da zan saya? Ki rubuto mini sunansa da manyan baƙaƙe.

Mahaifiyarki.

*

Inna,

Na gaishe ki da ladabi, a gaida Baba da jiki. Kada ki sayi komai a kemis. Ki kai shi babban asibiti yau, ki ce yana tashar ranar. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma ƙwayar cutar tana kwanciya a huhu, ta farka in an daina maganin.

Abin da ban gane ba, Inna, yadda aka tsallake mu. Mutanen da suka shaƙi hodar dubbai ne, layuka da yawa ba lamba, shi ya sa ake shafa jan fenti a ƙofar duk wanda aka fara ba magani. Masu rabo fentin suke bi. Na kai ƙarar shugaban rabon unguwarmu, na yi masa faɗa a gaban mutanensa. Ya rantse an shafa mana. Ki duba mini ƙofar.

'Yarki.

*

Mamana,

Bayan gaisuwa, an kwantar da babanku, an sa masa robar iska a hanci.

Ki je ki ba mutumin nan haƙuri. An shafa. Ni na kankare.

Tun da aka sa fentin, masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Matar mai gyaran rediyo ta aiko a karɓar mata yadinta ko yankawa ban yi ba, wai a ɗaure a leda biyu. Yaran layi suna kiran ƙanenki ɗan gidan guba. Da na gaji, na ɗauki kananzir da soson ƙarfe na goge shi tas, har ina jin daɗin yadda ƙofar ta fito. Na zaci alama ce kawai ta sun zo. Ban tambayi kowa ba, ni da nake da 'ya a cikin aikin.

Jiya na je ofishin rabon na faɗa da bakina. Yarinyar da ke teburin ba ta kai ki shekaru ba, amma na kasa ɗaga kai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Tambayata kawai ta yi ko ni kaɗai ce. Na ce na ga ƙofofi biyu a layinmu sun yi sabon haske. Yanzu gida-gida suke bi suna tambaya da baki, kuma matar mai wanki ta daina amsa gaisuwata don na nuna ƙofarta.

Babanku bai sani ba. Daga kan gado yake tsine wa ma'aikatan, wai sun yar da talaka. Ma'aikaciyar jinyar da ke juya shi tana ji, ta san gaskiya, ba ta cewa uffan. Ni kuma ina zaune ina yi masa fifita.

Mahaifiyarki.

*

Mamana,

Ina gaisuwa. Ban ga amsarki ba.

Na faɗa masa. Ya ce in kira ma'aikaciyar jinyar. Da ta zo ya cire robar ya ce, "'Yata, ki yafe mini bakina." Ni bai ce mini komai ba har yanzu. In na miƙa ruwa yana karɓa.

Likita ya ce ranar Laraba za a sake hoton ƙirjin, a nan za a san inda aka dosa. Ki rubuto kafin ranar, ko layi ɗaya ne, ko na faɗa ne.

Mahaifiyarki.