Jirgi daga baya ake juya shi?

Filinge, daren Lahadi, ƙarshen damina

Yau na kai ɗan jirgin ruwana na wasa tabkin bayan gari. Na danna telekomandi, abin sarrafa shi daga nesa, don ya yi dama, sai ya yi ta katantanwa tsakiyar ruwa. Fallen gwangwanin da ke juya shi, a gaba na ɗaura shi, kamar tayar moto. To, ina kuma zan sa shi?

Hamani maƙwabcina, wanda ya tashi bakin kogi, ya yi dariya har da hawaye. "Malam Idi, jirgi daga baya ake juya shi!"

Na kasa ganewa. Tun ina saurayi nake gyaran moto, ban taɓa ganin wutsiya ta ja kai ba. Ga tabkin yana ƙafewa. In ban yarda da Hamani na mai da fallen baya gobe ba, gwaji sai baɗi.