Inna, Ruwan Ya Yi Zafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina cikin hasken makwanci. Ni ce Safiya, babbar 'yarki. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma na rasa wanda zan gaya wa wannan maganar tun daga farkonta in ba ke ba.

Rukayya, autarki da kika bari tana sakandare, ta yi aure a Ɗankaza, kuma ta haihu da daminar nan. Mace aka samu, doguwa, gashi har goshi. Mijinta Sanusi ya mayar mata da sunanki, muna kiran ta Ummi.

Da kina raye, gida Rukayya za ta dawo wanka, kamar yadda na dawo a haihuwata ta fari. Na roƙa a ba ni ita in kawo ta nan Wudil. Dangin miji suka ce suna da tsohuwa a gida, Gwaggo Dije, yayar mahaifin Sanusi, wadda duk yaran gidan ita ta wanke su.

Kin tuna yadda kike wa jariri wanka? Sai kin jera komai a gefenki tukuna: sabulu, tawul, man kaɗanya, tsumman da kika tafasa kika shanya a rana. Ruwan sanyi kike fara zubawa a baho, sannan na zafi, ki motsa, ki naɗe hannun riga ki tsoma gwiwar hannunki. Na taɓa yi miki dariya, kika ce, "Tafin hannun mace ya saba da murhu, Safiya. Ba shi ake tambaya ba."

Ko sallama aka yi kina tsakiyar wanka, ba kya tashi. Da yaro ya yi fitsari kike cire masa tsumma, ki wanke shi, ki bar gindinsa ya sha iska a kan cinyarki kafin ki ɗaura wani. Ni na ga duk wannan. Rukayya ba ta gani ba, don bayanta ba ki sake haihuwa ba.

Gwaggo Dije ba muguwa ba ce, Inna. Ita ce take tauna dabino ta sa wa Ummi a baki, tana yi mata wasa. Amma mace ce da take ɗaukar garwashi da yatsu ta kai wani murhun.

Bayan suna, wata safiya, an tafasa ruwan wankan jego. Rukayya ta shiga bayi da nata. Gwaggo ta ɗebi ragowar ta zuba a bahon jaririya, ta surka kaɗan, ta tsoma tafinta ta ji daidai. Ta zaunar da Ummi a ciki.

Rukayya ta ce ƙarar da ta jiyo ba irin ta kullum ba ce. Ta fito da zani a ƙirji, sabulu a wuya. Gwaggo ta ce kowane jariri yana kukan wanka, ruwan zafi shi ke ƙarfafa ƙashi. Da ta ga cinyoyin yarinyar sun yi jawur, sai ta shafa mata man goge baki, ta ɗaura mata famfas, ta ɗaure tamau.

Kin san kunyar ɗan fari. Rukayya ba ta ɗaukar Ummi a gaban surukai sai don nono, balle ta ce a kwance a nuna mata. Gwaggo ce mai wanka, ita ce mai canza famfas. Da fatar ta tashi ta ɗuri ruwa, aka ce zafin fitsari ne, aka ƙara hoda. Da kukan ya ƙi ƙarewa, aka ce ciwon ciki ne, aka jiƙa magani.

Ina makarantar da nake koyarwa, ina tsakiyar aji, Rukayya ta kira ni a waya. Muryarta a ƙasa, don kada a ji ta.

"Yaya, ta daina kukan. Amma ba ta kama nono."

Na hau acaɓa, hanya duk taɓo. Na tarar da Ummi a kwance, jikinta zafi rau, idanunta a buɗe ba ta kallon kowa. Ban gaishe da kowa ba. Na ɓalle famfas ɗin, sai ya taho da fatarta.

Inna, ba zan kwatanta miki abin da na gani ba, ko warin da ya tashi.

A asibitin Wudil wata nas ta dube mu ta tambayi yaushe abin ya faru. Da aka gaya mata, sai ta ce da a lokacin aka yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi mai tsafta, ba a shafa komai ba, aka lulluɓe ta da ƙyalle mai kyau aka kawo ta, da wata maganar ake yi. Ciwon ya riga ya shiga jini. Suka sa mata ruwa, suka tura mu Kano.

Mun haye gada ke nan na ji ta yi nauyi a hannuna. Rukayya na gefena tana riƙe da ƙafarta. Ban faɗa mata Ummi ta cika ba. Ita ce ta ce wa direban, "Malam, juya."

Yanzu Rukayya tana wurina. Nono ya cika mata ƙirji, yana zuba ta cikin riga, nakan ɗaure mata da ɗankwali. Ba ta kuka. Abu ɗaya take maimaitawa, wai ta ji ƙarar, ta san ba daidai ba ce, ta koma ta ƙarasa wankanta.

Ranar Juma'ar da ta wuce Gwaggo Dije ta zo. Tun daga ranar jana'iza, in ji Sanusi, sai an matsa mata take kurɓar koko. Ta rame har ban gane ta ba. Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin. Ni na so in faɗa mata abin da ke raina, Allah ya sani.

Rukayya ta tashi ta dama fura. Ta durƙusa ta miƙa mata. Tsohuwar ta kasa riƙe kwanon, sai autarki ta tallafe shi, ta riƙe mata har ta shanye. Da la'asar tsohuwar ta tafi, Rukayya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, a nan ne na fara jin kukanta.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata miki kabari. Ya sa Ummi ta zama mai ceton iyayenta. Ya sanyaya ƙirjin Rukayya, ya yafe wa tsohuwar nan, ni kuma ya ba ni ikon yafe mata, don har yau ban iya ba.

'Yarki mai kewarki,
Safiya.