Muryar Ba Modu a Layi na Uku

Daren Laraba, Gwange

Tun da gidan rediyo suka sallame ni, ba mai tuna cewa na karanci aikin sauti sai in bukatarsa ta taso. Yau Alhaji Bukar, wani attajirin unguwarmu, ya zo, wai yana so ya ji waƙar da mawaƙi Ba Modu ya yi kafin 'yan tada ƙayar baya su harbe shi. Na jona na'urar ɗaukar sauti, na sa kaset ɗin da na ɗauki waƙar a layi-layi: ganga a layi na ɗaya, algaita a na biyu, murya ita kaɗai a na uku. Da marigayin ya ambaci sunan Alhaji cikin masu ciyar da 'yan gora, 'yan sa-kan da ke farautar 'yan tada ƙayar bayan, sai murmushinsa ya ɗauke.

Na fita alwala. Ina dawowa na tarar jar fitilar gogewa ta layi na uku tana ci, kaset yana juyawa.

"Wallahi Malam, hannuna ne ya taɓa," in ji Alhaji.

Hannu fa! Sai an danna maɓalli biyu tare na'urar take gogewa, kuma shi da kansa ya tambaye ni yadda ake yi a makon jiya. Na san tsoro yake ji kar shi ma a harbe shi, kowa ma yana ji. Da ya roƙe ni, ai da na ɓoye kaset ɗin.

Ganga na nan, algaita na nan. Muryar Ba Modu ta tafi, kuma ba ni da kwafi.